Ba da Gangan Ba Ne

Maganar farko da ta fito daga bakina ita ce, “Wallahi ba da gangan ba ne.” Kuma gaskiya na faɗa. Duk cikin waɗanda suka taru a wurin babu wanda ya yi zaton na baro Zariya, na ƙetaro iyaka, na zo har Gene don in karya ƙafar ragon wani bawan Allah. Amma dattijon da yake da ragon bai tanka wa rantsuwata ba. Durƙusawa ya yi ya shafa ƙafar dabbarsa, ya ɗago ya dubi jikansa wanda har lokacin igiyar tana hannunsa, sannan ya dube ni. Tun daga ranar nake juya kalmomin nan a raina, ina neman sanin abin da suke wankewa da abin da suke bari a wuyan mai faɗarsu.

Bari in fara da wurin, don ba kowa ya san shi ba. Gene, wanda za ka ga an rubuta Guéné a allon bakin hanya, gari ne a gundumar Malanbil, cikin jihar Alibori, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin. Babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Faraku da Kandi ta cikinsa take bi kafin ta kai gadar Kogin Kwara, inda garin Gaya na ƙasar Nijar yake a tsallake. A nan kuma hanyar Karimama ta ɓalle. Dandawa da Mokole da Fulani da Zabarmawa da Hausawa duk suna cuɗanya, kuma abin da ya fi fito da sunan garin shi ne kasuwarsa ta dabbobi. Aiki ne ya kawo ni yankin a 2022, aikin shirye-shiryen rediyo cikin Hausa don manoma da makiyaya, wanda rabinsa ba a ɗakin watsa shiri ake yi ba, sai an shiga ƙauye da rikoda.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi kafin in zo, ban taɓa ko gogar wani ba. Motata ta gida Corolla ce otomatik, irin waɗanda muke kira ’yan Kwatano, wato ta wannan ƙasar ma ta biyo kafin ta iso hannuna. Giyar hannu kuwa sama-sama na koye ta a wata tsohuwar Peugeot 504 ta kawuna, ina ɗan sakandare, daga nan na watsar. Da na zo sai na tarar motar aiki tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, mai giyar hannu. Sitiyarinta kamar kana murɗa wuyan sa, kulocinta sai ka danna da dukkan ƙarfin cinya, da asuba kuma ba ta tashi sai ka murɗa makulli rabi ka jira fitilar hita ta mutu. Direbanta wani dattijo ne daga cikin Dandawa, mai Hausa irin ta bakin kogi. Ran da ya fara miƙa mini makulli ya ce, “Ɗana, kafin ka murɗa, ka taka kuloci, ka girgiza giya ka ji ko a sake take. Kullum. Ko da kai ka ajiye ta.” Na ce, “To Baba, na gode,” da irin muryar da muke sallamar mai kiran waya a shiri idan ya fara maimaita abin da kowa ya sani. A zuciyata cewa na yi, yau ni za a koya wa tayar da mota?

Makon farko na bi maganarsa sau da ƙafa, ba don ladabi ba, don tsoro. Komai na motar baƙo ne, saboda haka hankalina yana kan kowane motsi. Tana mace mini a tsakiyar titi, ’yan kabu-kabu suna dariya, ina gumi ina sake tayarwa. A mako na uku ta daina macewa. Na fara tuƙi ina hira, ina sauraron kaina a rediyo. Idan na tsaya sai in saki giya in ja hambirki, gobe in shigo in murɗa makulli kawai, ta tashi lafiya. Ashe taka kulocin ya zame daga cikin tsarina ban ankara ba, kuma babu abin da ya faru da zai tuna mini.

Saura mako biyu Babbar Sallah muka je kasuwar dabbobi ɗaukar shiri kan farashin raguna. Ranar Baba ne ya tuƙa. Shi kuwa ɗabi’arsa idan ya tsaya ya bar ta a lamba ɗaya, kamar yadda tsofaffin direbobi suke yi don kada mota ta gangara. Ya tafi alwala, ni ina naɗe waya, sai yaran wata babbar mota suka fara buga mana ƙofa wai mu matsa za su yi lodin shanu. Makulli yana jiki. Na shiga, na murɗa. Motar ta yi tsalle gaba kamar taki biyu ta mace. A cikin taki biyun nan akwai rago, kuma a gefen ragon, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, akwai yaro ɗan kimanin shekara takwas riƙe da igiya.

Ga wanda bai sani ba, mota otomatik ba ta yarda ta tashi idan tana cikin giyar tafiya. Maƙeranta sun sa mata tsaro a kan haka. Shekara goma sha ɗaya wannan tsaron yana yi mini gadi ban san da zamansa ba, ina ɗauka iyawata ce. Yawancin sababbin motoci masu giyar hannu ma yanzu ba sa tashi sai ka taka kuloci. Tsohuwar a-kori-kurar nan ba ta da ko ɗaya. Abin da hannunka ya ce shi take yi.

To, laifin wa?

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in ɗora wa Baba. Shi ya bar ta a giya. Har bakina ya buɗe, sai na tuna da kalmarsa ta “kullum”, na rufe shi. Abu na biyu shi ne in ɗora wa ƙaddara, kuma mutanen wurin ma sun taya ni, don nan take aka fara cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musanta ƙaddara ba, ba kuma zan musanta ba. Amma na lura maganar tana da kyau a bakin wanda aka yi wa ɓarna, tana da muni a bakin wanda ya yi ta. Idan mai rago ya ce ƙaddara ce, yafiya yake nunawa. Idan ni na riga shi faɗa, guduwa nake yi. Abu na uku, wanda ya fi daɗewa tare da ni, shi ne in ce ba ni ba ne, hannuna ne. Ban yanke shawarar murɗa makulli ba tare da taka kuloci ba. Ban yi tunanin komai ba ma. Sabo ne ya yi aikin. Yaya za a kama mutum da abin da bai bi ta kansa ba?

Harshenmu yana da wata hikima a nan da ban taɓa kula da ita ba sai bayan wannan abin. Muna cewa “da gangan”, wato da niyya. Muna kuma cewa “ganganci”, wanda ba niyyar ɓarna ba ce, shiga abu ne da ido rufe alhali an san akwai haɗari. Kalmomin biyu kamar ’yan gida ɗaya ne, sai ka ce masu harshen sun ga cewa wanda ya ƙi kula bai yi nisa da wanda ya nufa ba. Sannan ga “sakaci”, ga “kuskure”, ga “tsautsayi”, kowanne da nauyinsa. Da na ce ba da gangan ba ne, ƙofa ɗaya na rufe, sauran huɗun suna buɗe, ni kuma ina so jama’a su tura ni ta ƙofar ƙarshe, wadda ta fi sauƙi.

Magabata sun daɗe da duba maganar sabo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali a cikin Ihya’u a matsayin wani yanayi da ya zauna daram a cikin rai, har ayyuka suke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Idan haka ne, abin da mutum ya yi ba tare da tunani ba shi ne ma ya fi nuna ko shi wane ne. Mai kyauta na gaske ba ya zama ya yi lissafi kafin hannunsa ya shiga aljihu, kuma ba mu taɓa cewa ai ba shi ba ne, hannunsa ne. Muna yaba masa. To, idan muna karɓar yabo a kan alherin da sabo ya yi a madadinmu, da wane baki za mu ƙi karɓar zargi a kan ɓarnarsa? Shekara goma sha ɗaya ina tinƙaho da cewa ban taɓa gogar kowa ba. Wannan hannun ne dai. Ban taɓa cewa a raba mana yabon ni da shi ba.

Amma ba na so in yi wa sabo rashin adalci. Muna cewa sabo turken wawa, sai dai turken nan shi ke riƙe da rayuwa. Mai dakan da za ta tsaya ta yi tunanin kowace ɗaga taɓarya ba za ta gama ba har dare. Ni kaina a ɗakin watsa shiri, yatsuna ke ɗaga sauti su sauke yayin da bakina yake magana, idona yana kan agogo. Ran da na ce sai na lura da kowane yatsa, ranar shiri zai watse. Tuƙi ma haka yake: direban da yake tunanin ina birki yake ya riga ya makara. Ba za a iya cewa mutum ya zauna cikin fargaba kullum ba. Ibnu Khaldun ma ya lura a Muƙaddima cewa wanda hannunsa ya faɗa a kan wata sana’a da wuya ya ƙware a wata bayanta, domin rinin farko ya riga ya kama. Wato ba taurin kai ba ne kawai, haka aka gina mu. Wanda bai taɓa tuƙi ba zai fi ni saurin riƙe maganar Baba, don ba shi da wani tsohon karatu da zai goge.

Saboda haka ban yarda laifina yana cikin daƙiƙar da na murɗa makulli ba. A wannan daƙiƙar babu kowa a gida, kamar yadda na faɗa. Laifin yana baya, a ranar da aka ba ni gargaɗi na karɓe shi da baki na mayar da shi da zuciya. Na san na canza mota. Na san na canza ƙasa. An kuma faɗa mini takamaiman wurin da tsohon sabona zai ci amanata. Wanda ya san kiɗa ya sauya ya ci gaba da tsohuwar rawa ba zai ce ƙafarsa ce ta yaudare shi ba. Abin da ya rage mini shi ne in gina sabon sabo da gangan, in maimaita taka kulocin nan ko da ba a buƙata har ya zama jiki. Wannan ne ma’anar “ko da kai ka ajiye ta”, wadda na ɗauka surutun tsufa ce.

Akwai wani abu a tarihi da ya taimaka mini wajen gane makon nan na uku. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama don ta dace da maƙwabtanta, su Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau. Ghana ta biyo baya a 1974. Kafin su, ƙasar Suwidin ta yi nata sauyin a ranar 3 ga Satumba, 1967, kuma abin da aka gani can ya ba da mamaki: maimakon haɗurra su ƙaru, raguwa suka yi a farkon sauyin, sai bayan kamar shekara biyu suka koma yadda suke. An rage gudu, kowa yana tsoro, kowa idonsa a buɗe. Da tsoron ya tafi sai aka koma gidan jiya. Ashe ranar farko ba ita ce abin tsoro ba. Baƙo a ranar farko yana tambaya, yana sallama, yana duba inda zai sa ƙafa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa’ad da ya daina jin shi baƙo ne, alhali bai zama ɗan gari ba.

Kuma ba a kan mota kaɗai na ga haka ba. A watannin nan na farko na sha cewa “naira” a iska maimakon “sefa”. Na taɓa karanta farashin masara na ce ɗari, masu sauraro suka ɗauka dala ɗari nake nufi, don a nan da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, jika ɗaya sefa dubu. Wannan abin dariya ne, an kira waya an gyara mini. Wanda ba na dariya ba shi ne yadda na zo da tabbacin cewa Hausata ita ce Hausa, tasu kuwa karkatacciya ce, har nakan gyara wa dattijo kalma a tsakiyar hira. Girman kan da ya hana ni jin maganar kuloci shi ne wannan, riga kawai ya sauya.

Saura maganar yaron, wadda ita ce ba ta barina barci.

Wasu masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, sun yi muhawara a 1976 kan yadda sa’a take shiga cikin hukuncin da muke yi wa mutane. Misalin da ya fito daga wajen Nagel na direba ne da ya yi sakacin duba birkinsa. Idan ya isa gida lafiya, sakacinsa ƙaramin abu ne da ba wanda zai tuna. Idan yaro ya gifta gabansa, ya zama wanda ya yi kisa. Sakacin ɗaya ne, bambancin kawai inda yaron ya tsaya, kuma wannan ba a hannun direban yake ba. Ni na tsaya a kan wannan layin da ƙafata. Da yaron ya riƙe igiyar a taƙaice, da yau wani labarin nake ba ku, ko kuma ba ni da bakin ba da labari. Mutumin da ya murɗa makullin bai canza ba. Amma duniya ta caje ni kuɗin rago, ta kuma bar ni in ci gaba da zama mutumin kirki a idon jama’a.

Hankali yana cewa wannan ba adalci ba ne, a auna mutum da niyyarsa da kularsa kawai. Na gwada zama a kan wannan ra’ayi, bai ɗauke ni ba. Idan haka ne, duk ranakun da na murɗa makulli ba tare da taka kuloci ba laifinsu ɗaya da ranar kasuwa, kuma ya kamata in ji nauyinsu daidai. Ban ji ba, ba kuma na jin akwai mai ji. Williams ya kawo direban babbar mota da ya take yaro ba tare da laifinsa ko kaɗan ba. Ya ce jama’a za su yi ta rarrashinsa, kuma daidai ne su yi, amma da za su ga ya rarrasu nan da nan, ya kaɗe riga ya ce ai ba laifina ba ne, da sun yi shakkar mutuntakarsa. Akwai wani ciwo da na wanda abin ya bi ta hannunsa ne kaɗai, ɗan kallo ba ya jin irinsa.

Abin da ya burge ni shi ne fiƙihunmu ya riga ya yi wa wannan ciwon mazauni. Malamai sun raba zunubi da lamuni. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biya: a kan dukiyar mutane, wanda ya ɓata da niyya da wanda ya ɓata bisa kuskure duk sai sun biya. A kan rai kuwa, aya ta 92 a Suratun Nisa’i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda ga wanda bai sami bawan ’yantawa ba azumin wata biyu ne a jere. Ka duba, an yarda bai nufa ba, amma ba a ce ya tafi abinsa ba. Diyyar ma danginsa ake sa wa su taya shi ɗauka, kamar ana cewa ba mugu ba ne da za a bar shi shi kaɗai. Azumin kuwa nasa ne, ba mai taya shi. A ganina wannan ya fi duka ra’ayoyin biyu kusa da yadda mutum yake: ba a kira shi mai kisan kai ba, ba a kuma yi masa ƙaryar cewa babu abin da ya faru ba.

Dillalai suka shiga tsakani. Ragon da ya karye ba ya layya, saboda haka darajarsa ta faɗi daga ta Sallah zuwa ta mahauta. Wani ya kawo shawarar in biya bambancin kawai. Na ce a yi masa kuɗinsa na safe kafin in taɓa shi, aka tsaya a jika saba’in da biyar, kusan duk abin da na tanada don tawa layyar. Dattijon ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce da ni cikin Hausarsa ta Fulani, “Allah ya tsare gaba, yaro.” Game da jikansa bai ce komai ba, ni ma ban sami abin faɗa ba. Na sayi lemo na miƙa wa yaron, ya dubi kakansa, ya karɓa, bai sha ba har suka ɓace cikin shanu. Wani abokin aiki ya ce na yi wauta, da na tsaya an yi ciniki da rabin haka zan biya. Wataƙila. Har yau ina tuhumar kaina ko adalci na yi, ko kuwa so na yi in sayi sauƙin zuciya da kuɗin rago saboda abin da ba shi da farashi.

Baba bai ce “ai na faɗa maka” ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Da muka tashi komawa sai ya zagaya ya zauna a gefen mai zaman banza, ya bar mini sitiyari. Na ce, “Baba, yau dai kai za ka ja.” Ya ce, “In ka sauka yau, ba ka ƙara hawa. Taka.” Na taka kuloci, na girgiza giya, na murɗa. Har muka isa Malanbil ƙafata ta hagu tana rawa.

Bayan wata takwas na je hutu Zariya, na ɗauko Corolla daga inda na rufe ta don in kai Hajiyarmu unguwa. Muna isa shataletalen farko na zo rage gudu, sai ƙafata ta hagu ta tashi da kanta tana neman kuloci, ta sami birki, ta danna shi da dukkan ƙarfin da a-kori-kura ta koya mata. Motar ta ƙame wuri ɗaya, Hajiya ta dafe gaba tana salati, mai Keke Napep da ke bayanmu ya kauce da ƙyar yana zagi. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, “Kai kuma lafiya? A can ɗin mantar da kai tuƙi suka yi?” Na buɗe baki zan ce ba da gangan ba ne, sai na fasa. Na gangara gefen titi, na kashe mota, na naɗe ƙafar hagun can ƙarƙashin kujera, sannan na sake tayarwa.